Shekarar da Na Kwashe Ɗakina

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, ko da ba ku taɓa faɗa a gabana ba. Kuna cewa shekarar da gari ya rikice, lokacin da kowane gida a Diffa ke karɓar gaisuwar mutuwa ko yana saukar da ƴan'uwan da suka gudo daga bakin kogi, uwarku ta kwashe kayan ɗakinta ta tara maza suna kallon silima. Haka ne, na yi. Ban taɓa musu ba, kuma ba don in ba wani haƙuri na ɗauki alƙalami ba. Amma ku kuna nesa a lokacin, ƙananan na karatu a Yamai, ƴar'uwarku na gidan miji a Maine, babbanku Babagana kuma ya zo ya ga rabin abu ya tafi da shi. Sauran rabin ne zan ba ku, ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Kun tashi a site, unguwar ma'aikata, kun san yadda take: gidaje iri ɗaya a jere, cikinsu mutane iri-iri da aikin gwamnati ya jefo, Zabarmawa da Damagarawa da Fulani da mu ƴan ƙasa. Ba dangi ba ne mu, ba kuma harshe ɗaya muka tsotsa ba. Abin da ya haɗa mu har muka san sunayen ƴaƴan juna shi ne kulob biyun da babanku ya kafa a tsakar gidanmu. Mushe, wato malam da bakin Faransanci, kamar yadda kowa ke kiransa tun yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, har bayan ya aje aiki, mutum ne da ba ya iya jin daɗin abu shi kaɗai, sai ya kamo wani ya zaunar da shi. Ranar Asabar bayan isha'i kulob ɗin silima ne. A rataya farin zane a bango, Malam Isufu, mutumin Damagaram da ya yi aikin wutar lantarki, yana fama da na'ura, babanku na tsaye a gefe yana juya maganar ƴan fim zuwa Hausa da Kanuri. In aka gama sai gardama, wadda sau da yawa ta fi fim ɗin tsawo. Ranar Laraba da la'asar kuma kulob ɗin kiɗa, mai dokokin da suka sa aka daɗe ana yi mana dariya a gari: ba rawa, ba liƙi, ba mai buɗe baki sai kiɗa ya kai ƙarshe. Yana da kaset na kiɗan Turawa na dauri, wanda goge barkatai ke kuka tare ba mai waƙa, da na Larabawa. Ni dai gyangyaɗi nake yi in aka sa su, ban ɓoye masa ba. Amma abin da ya fi ji da shi shi ne kiɗan kwarinmu na Komadugu, wanda ya bi ƙauyuka da rakodarsa ya ɗauko da kansa, yana cewa ba wani kiɗan duniya da ya fi shi zurfi.

A cikin makaɗan nan ya sami aminin da bai samu ba a cikin ƴan boko, Ba Mele mai algaita, manomin tattasai daga wani ƙauye gaba da Geskeru. In ya kawo tattasai kasuwa a zaurenmu yake kwana, ranar kuwa ba a sa kaset, shi ke busa. Tsoho ne mai tsokana, ba ya ganin babanku bai ce masa wandonsa ya matse shi kamar na soja ba. Da abubuwa suka fara lalacewa a bakin kogi, babanku ya aika masa cewa ya tattaro iyalinsa ya zo gari, akwai wuri. Ba Mele ya aiko cewa tattasai ya yi ja, a bari ya tsinke tukuna. Babanku ya ce to, ba laifi. Masu bindiga suka riga tsinkar.

Ranar da labarin ya zo cewa sun kashe Ba Mele, babanku bai yi kuka ba. Ya yi alwala ya yi salla, ya shiga ɗakinsa ya saki labule. Na ɗauka kwana biyu ne. Aka yi sadaka, aka watse, watan ya mutu wani ya kama, mutum na nan kwance fuskarsa na kallon bango. Masallacin da ke ƙofar gida ma ya daina zuwa, a zaune yake salla a bakin gado. In na kai tuwo, ya taɓa loma biyu don kada in tsaya a kansa. In na yi magana, ya ɗaga kai ko ya girgiza. Na sa aka kira likita har gida, ya auna ya ce bai ga ciwo ba. Na karɓo rubutu wurin malamai, ya sha bai yi musu ba, don musun ma sai da ƙarfi. Magana ɗaya na ji daga bakinsa a tsawon lokacin nan, ita ma ba da ni yake ba.

"Ba laifi. Ni na ce masa ba laifi."

Ku da ba ku gani ba ba za ku gane ba. Mutumin da ya cika gida da surutu tun ina amarya yana ƙarewa a gabana kaɗan-kaɗan, zoben hannunsa har ya fara zamewa. Na ji tsoro, tsoron da ban ji ba ko ranar da aka kwana ana harbi a bayan gari. Daga baya tsoron ya juye ya zama haushi. Na ce sun kashe Ba Mele a gona, ba za su biyo ni har tsakar gidana su ɗauke mini miji ba tare da sun ko taka unguwar ba.

A lokacin kulob duka biyu sun mutu. An sa dokar hana fita da dare, an hana hawa babur, an tsayar da cinikin tattasai, kowa na shiga gida tun rana na da sauran ja. Na yi tunani na ga abinci bai tashe shi ba, magani bai tashe shi ba, sai dai ko abin da yake so ya dinga wucewa ta ƙofarsa har ya gaji da kwanciya. Na yafa mayafi na tafi gidan Malam Isufu.

"Ya Fanna, silima kuma? A wannan hali?"

"A wannan hali, Malam. Na'urar ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Amma dare ba namu ba ne yanzu, silima kuwa ba ta son rana. In kika haska ta da azahar, farin zane kawai za ki gani."

"To, mu yi mata dare."

Ya dube ni ya ce Allah ya sa Mushe ya san irin matar da ya aura.

Dabarar farko tawa ce, kuma ina alfahari da ita har zuwa lokacin da aka kunna na'ura. Tun da aka tsayar da ciniki, buhunan tattasai na jibge a kowane shago ba mai tambayarsu. Na aro su tuli, muka farke muka ɗinke, muka lulluɓe rumfar tsakar gida da su sama da gefe har ba ka ganin tafin hannunka. Mu da aka haifa cikin tattasai, har mun daina jin warinsa a jikin buhu, ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutane suka shigo bayan azahar, aka saki buhun ƙofa, rana ta bugi rumfa, zafi ya tashi. Ba a gama rubutun farkon fim ba wani Bazabarme ma'aikacin gidan waya ya fara atishawa. Kafin ka ce me, rumfa ta ɗauka. Tari, hawaye, majina, manyan mutane masu furfura suna rige-rigen fita suna tuntuɓe da kujeru. Malam Isufu ya fito rungume da na'urarsa idanu jawur, yana cewa a rayuwarsa bai taɓa ganin fim ɗin da ya sa mutane kuka tun ba a fara ba. Muka zube a tsakar gida muna dariya muna share ido, dariyar da unguwar ta daɗe ba ta yi ba. A cikin hayaniyar nan na ji atishawa daga ɗakin babanku, sau ɗaya, mai ƙarfi. Na tsaya cak ina kallon labulen. Bai motsa ba.

Amma na san yanzu yana jin abin da ke gudana a waje, kuma wannan ya ishe ni in ci gaba. Wuri ɗaya ne a gidan mai duhu da rana, ɗakina, mai ƴar taga guda, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da na babanku. Na kwana ina juya abin. Kun san mene ne ɗakin mace a wurinmu. Ko ƙanin miji ba ya wuce bakin ƙofa. A nan jeren tasoshin da uwata ta yi mini yake, da gadon aurena, da kaskon turaren da na haife ku duka a cikin ƙamshinsa. Da safe na kira matan maƙwabta muka fitar da komai. Tasoshi suka tafi cikin kwali a ɗakin ajiya, gado aka kwance shi aka jingine a bango, ni na koma kwana a tabarma a ƙarƙashin rumfa. Asabar ta zagayo, maza suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, ba mai son ya zama na farkon shiga. Sai da na ce musu ba ɗakin kowa ba ne yanzu, ɗakin kulob ne, wanda kuma ya tsaya jin kunya ya koma gida matarsa ta ba shi labarin fim ɗin, don mata sun riga sun cika gaba.

Magana ta fita, ba sai an gaya muku ba. A bakin famfo, a gidan suna, an ce Fanna ta zautu. An ce miji na kwance tana tara maza. Wadda muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya ta daina amsa sallamata da kyau. Maganar ta yi tafiya har ta iske Babagana a wurin aikinsa, ya taso ya zo. Ya shigo ranar Asabar, ya tarar da takalman maza jibge a ƙofar ɗakin uwarsa. Ya jira har aka watse, don yana da ladabi, sa'an nan ya same ni a madafa, ya kira ni Ya, yadda kuke kiran uwa da Kanuri.

"Ya, mene ne wannan? Mutane na binne ƴan'uwansu, Baba na kwance, ke kin mai da gidanmu gidan kallo?"

"Ka shiga ka gan shi?"

"Na gan shi. Addu'a yake bukata, da shiru."

"Addu'a ba a fasa ba. Shirun kuwa shi ke cin shi."

"Ki maida gadonki yau, ko kuwa ni ba zan ƙara kawo ƴaƴana gidan nan ba. Ba zan so su ji abin da ake faɗa a kan kakarsu ba."

"Ƴaƴanka ne, ka fi ni iko da su. Shi kuma mijina ne."

Ya tafi bai ci abincin da na zuba masa ba. Ya cika maganarsa kuwa, don ɗan babansa ne. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo, shekaru suka shuɗe ban ga ƴaƴansa ba. Ƴarsa takwarata da na bari tana rarrafe, da na sake ganinta ta shiga lakwal, tana ɓuya a bayan uwarta don ba ta san ni ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, kuma na san abin da nake saye da shi tun ina tsaye a madafar. Ban riƙe ka a zuciya ba, Babagana ɗana. Abin da ka gani da idonka ba shi da kyan gani.

Abin da ya fi ciwo shi ne, bayan duk wannan, babanku bai fito ba. Asabar bayan Asabar muna haska fim a bangon da kansa ke jingine a bayansa. Malam Isufu ne ya karɓi fassara, yana tsallake duk abin da bai gane ba, in an tambaye shi ya ce gaisawa suke yi. Na sa rai wannan kaɗai zai fito da Mushe da sanda, amma shiru. Laraba muka dawo da kulob ɗin kiɗa a ɗakin, muka sa gogen Turawa, muka sa na Larabawa, muka sa gangunan ƙauyuka. Baƙin da suka gudo daga kogi suka fara zuwa, suna zama a bakin ƙofa suna sauraron kiɗan garuruwan da suka bari. Kowa ya sami abin da ya samu a ɗakin nan ban da wanda aka yi don shi. Ya kai sai na riƙe masa kofi yake shan kunu. Kaset ɗaya ne ba mu taɓa ba, kowa ya san wanne, ba kuma wanda ya ambace shi.

Ga abin da ke cikinsa. A ƙasarmu, in mabushi ya ɗauke ka da daraja yakan yi maka take, busar da ba ta kowa ba ce sai kai. In aka busa takenka, ko loma ce a bakinka, ko fushi kake da mabushin, sai ka miƙe ka dunƙule hannu ka ɗaga ka yi jinjina, ba ka kuma saukewa sai ya gama. Ƙin amsawa cin mutunci ne da ba a mantawa. Ba Mele ya yi wa babanku take, kuma wata Laraba an ɗauke shi a kaset. Na san in na sa shi, na sa wa mara lafiya wuƙa a wuya ke nan: ko ya tashi, ko ya ƙi amsa wa amininsa. Amma busar ba tawa ba ce, don haka na tafi neman mai ita. Ya Kellu, matar Ba Mele, tana zaune a wata bukkar leda a gefen gari tare da jikokinta. Na gaya mata komai, ban rage ba. Tana tsintar tsakuwa a cikin gero ta yi magana.

"Shi Mushe cewa yake shi ya kashe shi?"

"Haka yake gani."

"Mele ba ya jin maganar kowa. Ni da na haifa masa ƴaƴa na ce mu tafi, ya ce tattasai. Maganar Mushe ce zai ji?"

"Na gaya masa haka, Ya Kellu. Ba ya shiga."

"To, ki sa. Tun da ba ya jin masu rai, ki bari Mele ya kira shi. Ni ma zan zo, na daɗe ban ji shi ba."

Malam Isufu ne ya so ya hana. Ya ce jikin Mushe ba ƙarfi, in ya yunƙura ya faɗi fa, in zuciyarsa ta buga fa, me zan gaya wa ƴaƴansa. Na ce masa mutumin nan faɗuwa yake yi tun tuni, a kwance ne kawai shi ya sa ba a jin ƙararta. In zai tafi, gara ya tafi a tsaye. Na faɗi haka da baki mai ƙarfi, amma tsoro na nan a raina.

Larabar, bayan la'asar, ɗakin ya cika har tsakar gida. Ya Kellu ta zauna kusa da rakoda. Ni na sa kaset ɗin da hannuna, don kada a ce wani ne, na murɗa murya har ƙarshe, na fito na tsaya inda nake ganin labulen babanku. Algaita ta tashi. Ya Kellu ta ja mayafi ta rufe fuska. Busar ta zaga ta zaga, sa'an nan ta faɗa cikin taken, ba wanda bai gane shi ba a wurin. Labule bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, Fanna, kin rasa ɗa, kin rasa mutunci, yanzu kin ƙara wa mutum azaba a banza. Sai na ji ƙarar gado. Na ji wani abu ya faɗi, kofi ne ko buta. Hannu ya kama bakin ƙofa, labule ya yaye, ga babanku a tsaye cikin rana, idanu a ƙanƙance, hannun hagu na riƙe da wandon da ya yi masa yawa. Ya dunƙule na dama ya ɗaga shi sama.

Abin da na manta shi ne tsokanar Ba Mele. Ya iya shaƙar iska ta hanci kumatunsa na ci gaba da busa, don haka in ya ga dama ba ya tsayawa, kuma da gangan yake ja wa babanku taken don ya ga iyakar hannun ɗan boko. A cikin kaset ɗin ana jin mutane na dariya, dokar shiru ta karye, ana jin muryar babanku ta wancan lokaci, cike da ƙarfi, yana roƙo.

"Ya isa, Ba Mele! Hannuna zai tsinke!"

Algaitar ba ta kula shi ba, ta ci gaba. A tsakar gida kuwa ba mai dariya. Hannun babanku ya fara rawa, daga yatsu har kafaɗa, hawaye na bin gemunsa. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. A gaban maza, a gaban baƙi, na sa hannu biyu na tallafe gwiwar hannunsa. Ya juyo ya dube ni, kallon farko da ya yi mini tun ranar da labarin ya zo, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Sake ni, Fanna. Ni ake kira, ba ke ba."

Na sake shi. Hannun ya yi ƙasa kaɗan, ya cije ya maida shi sama, bai kuma sauke ba sai da Ba Mele ya gama.